Daga rairayin Magarya zuwa duwatsun Abzin: shirin tafiyar hutu

Mutumin Magarya ko na Dungas, in aka yi masa zancen dutse, wanda ya fi sani shi ne dutsen niƙa. Ƙasarsa shimfiɗaɗɗen rairayi ce, ga gawo ga goruba, a kwarin Korama kuwa ɗan haƙa kaɗan ake yi a tarar da ruwa. Shekara da shekaru Buzayen Abzin suna gangarowa da ayari bayan kaka, su kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da gero. Amma ba safai ake rama masu wannan ziyara ba. Akwai ma'aikacin da ya yi hutu a Makka da Kano, bai taɓa ganin Bagazam ba, alhali can ne tsauni mafi tsawo a Nijar yake, mai mita 2,022.

Abin da za a fara tsaidawa shi ne lokaci, nan kuwa ake yawan kuskure. Babban hutun makarantu yana faɗowa cikin damina, lokacin da ya fi kowane haɗari a duwatsu. Ruwa yana iya zuba a wani tsauni mai nisa, mutum yana ƙarƙashin sama garau, sai ƙoramar da ya gani busasshiya da maraice ta taso cikin dare da duwatsu da itatuwa. Don haka mutanen Abzin ba su yada zango a tsakiyar ƙorama a wannan lokaci, ko da rairayinta ya fi daɗin kwanciya. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙaramin hutun ƙarshen Disamba kuma ya wadatar. Sai dai sanyin can ba irin na Dungas ba ne: a kan Bagazam ruwa yakan daskare cikin dare. Bargo biyu, da rawani, da tanti mai tare iska, ba ƙawa ba ne.

Daga Magarya zuwa Damagaram kusan kilomita 90 ne, daga nan zuwa Agadas ta Tanut kusan 450. A Agadas ake neman mota mai ƙarfi zuwa Tabalot, garin albasa, a gindin Bagazam. Hawan da aka saba na ƙafa ne, jakai suna ɗauke da kaya, a bisa kuma akwai ƙauyuka da lambuna. Wanda gwiwarsa ba ta iya wannan, sai ya nufi Timiya, kimanin kilomita 220 daga Agadas, inda ake noman lemu da rumman, ga kuma ruwa mai zubowa daga kan dutse.

Can arewa, wajen Ifarwan da dutsen Tamgak, an shiga gandun Abzin da Tenere wanda gwamnati ta keɓe a 1988, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, ta kuma sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari a 1992, lokacin tawaye. A ciki an hana farauta. Ragon dutse da barewa na kallo ne, ko da bindigar mai izini ce.

Wani zai ce ai Tarmit ta fi kusa, tun da cikin jihar Damagaram take, an kuma keɓe ta a 2012. Gaskiya ne, amma ruwa da mutane sun yi ƙaranci a can. Ba wurin koyon tafiya ba ne.

Sauran shiri kuwa shirin madugu ne. Ba a shiga dutse ba tare da jagora ɗan wurin ba, wanda ya san inda ruwa yake kwance cikin kwarmin duwatsu, ya kuma iya Buzanci. A lissafa aƙalla lita 5 ga kowane mutum a yini, a ƙara na kwana guda bisa lissafin. Guzuri ya zama mara nauyi: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, cuku da ganyen shayi. Kada a tafi da sabon takalmi, domin a ranar farko zai yi wa ƙafa kanta. Mai hankali yakan gwada ƙafarsa da takalminsa tukuna a duwatsun Birnin Damagaram, ya ga yadda numfashinsa yake.

Batun tsaro ba na wasa ba ne. Yankin ya ga tawaye daga 1990 zuwa 1995, da kuma daga 2007 zuwa 2009, ƴan fashi kuma ba su ƙare ba. Kafin a bar Agadas a je wurin jandarma da ma'aikatan gandun daji, a faɗi hanyar da za a bi da ranar komowa. In sun ce a dakata, sai a dakata. A bar wannan bayani a gida kuma, domin waya ba ta kamawa a yawancin kwaruruka.

Game da tsarabar masu masauki, ba sai an wahala ba. Tiya biyu ko uku ta geron Magarya ta isa, shi ne abin da raƙumansu suke yin makonni a hanya domin su ɗauko.