Ko Kun Sani? Ado a Cikin Ƙurar Hunturu

Hazon da ke rufe Kuseri da Garwa lokacin hunturu, har daga gaɓar Logone a kasa hango Njamena sosai, ba yashi ba ne zalla. Kaso mai yawa na tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska ke kurɗowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Shekaru kusan 7,000 da suka wuce, kwarin nan ƙasan wani makeken tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yau.

A ruwan an yi wasu ƙananan halittu, dayatom, masu ɓawon silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Tafki ya ƙafe, ɓawon ya zauna, shi ne iska ke kwasowa cikin ƙurar. A maikroskop, wanda bai farfashe ba sai ka rantse zanen hular Bama ne: huda-huda a jere, babu kuskure. Wani Bajamushe, Johann Möller, ya taɓa jera dubban irinsu a gilashi ɗaya. Har yau hotunan dayatom kan shiga gasar hotunan maikroskop ta Nikon Small World.

Wani ɓangaren ƙurar kuwa kan tsallake Tekun Atlantika.