Daga Zankon Zakara Zuwa Ɗakin Tiyata

A wajen aikin cire yanar ido, sau da yawa likita yakan ɗura wani abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa a cikin idon. Sunansa sinadarin hayaluronik, kuma yana jikin kowa, a fata da gaɓoɓi da ido. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15.

A shekarar 1934 ne Karl Meyer da John Palmer na Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka fara tatso shi daga idon saniya. Daga baya Dokta Endre Balazs, haifaffen Hangari, ya tace shi daga zankon zakara. A 1980 kamfanin Pharmacia na Suwidin ya fitar da shi kasuwa da sunan Healon.

Amfaninsa kuwa shi ne, da zarar an tsaga ido sai ruwan gabansa ya tsiyaye, wurin ya lotsa. Wannan yauƙi shi ke tokare wurin, ya kuma lulluɓe ƙwayoyin da ke bayan tantanin gaban ido, waɗanda ba sa sake tsirowa. In suka lalace, tantanin ya yi hazo, gani ya dushe. Idan an dasa gilashin roba sai a tsotse yauƙin, don kada ya takura idon.

A yau da ƙwayoyin bakteriya ake sarrafa mafi yawansa. Masana kan kuma sarƙe shi ya yi kauri, domin ya yi watanni a jiki bai narke ba.