Dukushin da na ce yaro ne

Shekara uku da suka wuce, cikin watan Agusta, na je wani ƙauye a yankin Mayahi ba dabbobi maganin tsutsar ciki. Bayan mun gama da tumaki da awaki, wani dattijo ya ja ni bayan gidansa in duba mishi goɗiya. Tana ɗaure a turke, dukushinta namiji kuma yana sake yana zagaya ta. An haife shi farkon daminar bara, wato watansa 14. Siriri ne, ƙafafu dogaye, wani lokaci ma har yana kai baki ga nonon uwar tana ture shi.

Dattijon ya ce, "Ɗana, wannan yaron in raba shi da uwarsa ko da saura?"

Na dube shi na ce, "Baba, da saura. Ku bari ya shekara biyu."

Da kaka ya kai goɗiyar wajen wani ingarma mai kyau a garin da ke kusa, ya biya kuɗin barbara. Goɗiya ta ƙi, ta yi ta harbi. Ya sake kai ta bayan sati uku, haka nan. Watan Yuli na zagayowa sai ga ta ta haihu. Dattijo ya rantse babu dokin da ya hau ta, ya fara zargin maƙwabcinsa da sakin doki da dare, har maganar ta kusa kai su gaban maigari. Da aka kira ni, na ƙirga wata 11 baya, na faɗa daidai kan Agustan da na tsaya a bayan gidan nan ina cewa da saura. Uban jaririn shi ne wansa. Abin da ya sa ta ƙi ingarma da kaka, ciki gare ta tun tuni.

Na ba maƙwabcin haƙuri da bakina, don laifin nawa ne. Girman jiki na duba, ban ƙirga watanni ba.

Dukushi namiji yakan balaga tsakanin wata 12 da wata 18. Wanda ke samun dusa da harawa da gero kullum yana iya riga haka, shi ya sa ba a amince da shi tun daga wata 10. Jikinsa bai gama ginuwa ba sai ya kai shekara 4 zuwa 5, amma marainansa ba su jiran ƙashinsa. Maniyyinsa bai kai na babban doki ba, gaskiya ne, sai dai hawa ɗaya da ya dace da kwanakin goɗiya ya isa. Ita kuwa goɗiya tana neman doki kusan kowane kwana 21, ta yi kwana 5 zuwa 7 a haka, kuma takan fara nema tun sati ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa. Wanda ke tare da ita dare da rana ba zai rasa waɗannan kwanaki ba.

Sau da yawa makiyaya suna ce mini doki ya san uwarsa, ba ya hawan ta. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Dawakin da ke zaune sake a daji, babban ingarma yana korar samarin daga garke idan sun tasa, ƴan matan ma suna barin garken ubansu. To amma wannan sai inda akwai fili da kuma mai kora. A bayan gida, goɗiya ɗaya da ɗanta, babu mai korar kowa.

Haɗa jini na kusa ba ya nufin kowane ɗa zai fito da nakasa, kuma ba na son in tsorata kowa da abin da ba haka ba. Ɗan goɗiyar dattijon nan ya rayu, yana tafiya da ƙafafunsa. Ga yadda abin yake. Kowace dabba tana ɗauke da wasu aibobi ɓoyayyu da ta gada, waɗanda ba su bayyana sai ɗa ya same su ta wajen uwa da ta wajen uba gaba ɗaya. Idan uwa da uba bare ne ga juna, da wuya su haɗu a aibi ɗaya. Idan kuwa uwa ce da ɗanta, ko uba da ɗiyarsa, ko wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, kashi 25 cikin 100 na gadon ɗan abu ɗaya ne ya zo mishi sau biyu. Ƴan uba kawai ko ƴan uwa kawai, rabin haka. Idan aka maimaita cikin zuri'a, sai a fara ganin goɗiyoyin da ba su ɗaukar ciki da wuri, ɓari, jarirai marasa ƙarfi, da dawakin da ke ƙanƙancewa kuma ciwo kaɗan ya kayar da su.

Asarar da dattijon ya yi tana bayyane ko ba nakasa. Kuɗin barbara sun tafi. Shekara guda ta goɗiyar ta tafi a kan ɗan da bai zaɓi ubansa ba. Kuma mai sayen dokin hawan salla ko na sukuwa, abin da ya fara tambaya shi ne ɗan wane doki ne.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce dukusa. Ita ma tana fara neman namiji tun tana shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In wanta ya hau ta a wannan lokaci, za ta ɗauki ciki alhali ita kanta ba ta gama girma ba. Ciki ya cinye abincin da za ta gina jiki da shi, ta tsumbure, haihuwar kuma ta zo da wuya. Ni ba na ba da shawarar a kai dukusa barbara kafin ta cika shekara 3.

Yanzu abin da nake faɗa wa kowa shi ne a yaye dukushi wajen wata 6, kuma kada ya cika wata 10 yana kwana wuri ɗaya da mace, uwarsa ce ko ƙanwarsa. Wanda bai riƙe watan haihuwa ba, ya buɗe bakin dukushin. Haƙoran nono na gaba shida ne sama, shida ƙasa. Na tsakiya suna fitowa cikin satin farko, na kusa da su wajen sati shida, na can gefe kuma tsakanin wata 6 da wata 9. Ranar da kuka ga na gefen sun huda, lokacin rabuwa ya yi.

Rabuwar kuma ta gaske. Dangar kara ba ta tsare dukushin da ya ji ƙanshin goɗiya, dabaibayi ma ba ya hana shi ɗagawa. A kafa mishi turkensa nesa, da igiya mai ƙarfi, inda zai riƙa ganin wasu dabbobi don kada kaɗaici ya hana shi cin abinci. Wuraren da aka fi yin sakaci su ne bakin rijiya ko tabki, inda yara ke kai dawaki shan ruwa tare, da kuma bayan girbi idan an saki gonaki kowa ya kwance dabbarsa.

Maganar fiɗiya na san ba ta da farin jini a wajenmu. Mahayi a Damagaram ko Maradi ko Tibiri, namijin doki cikakke yake so ranar hawa. Ba na gardama da wannan. Amma dokin amalanke ko na zuwa kasuwa, wanda ba a nufin ya bar iri, fiɗiya tana kwantar da shi. A yi ta da ɗari lokacin da ƙuda suka ragu, bayan an tabbata maraina biyu duk sun sauko, kuma ma'aikacin dabbobi ya yi ta tare da allurar tetanos, don doki na cikin dabbobin da wannan ciwo ya fi kashewa. Ƙarfen dandaƙar shanu ba na doki ba ne. Bayan fiɗiya a ci gaba da raba shi da mata har sati shida, saboda sauran maniyyin da ke cikin jijiya.

Akwai wata hanyar da jini ke haɗuwa wadda ta fi ta dattijon nan yawa, kuma ita ce ta shafi ƙungiyoyi. Gari guda, ingarma guda mai suna, kowa na kai mishi goɗiya shekara da shekaru. Bayan shekara 3 ko 4, ɗiyansa mata sun isa barbara, sai a mayar da su wajensa, ko wajen ɗansa, ba tare da kowa ya lura ba. Maganin wannan ba ya cin ko dala. Sakataren ƙungiya ya ware littafi ɗaya: sunan mai goɗiya, launinta, dokin da ya hau ta, watan da ta haihu, mace ko namiji. Kafin ɗiyan ingarma su isa, a yi musaya da ƙungiyar wani gari, ko a riƙa kai su can.

Dattijon nan shi ya fara sa aka rubuta tasa goɗiyar a littafin ƙungiyarsu. Da aka zo wurin sunan uba, sakatare ya ɗaga kai yana jira. Dattijo ya nuna ni da sanda ya ce, "Tambayi likita, shi ya ɗaura auren."