Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Ake Kwashe Kaya Daga Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa

  

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun magatakardan wata ƙungiyar manoma da ke ƙaramar hukumar Giwa a Jihar Kaduna. Bayan gaisuwa, ga abin da yake cewa: "Muna da tsohuwar kwamfuta laftof wadda a cikinta muke rubuta sunayen 'yan ƙungiya, da bashin taki da iri da kowa ya ɗauka, wanda za a biya da kaka. Yanzu ta gaji, takan mutu ana cikin aiki. Mun samu wani mai shago ya ce zai ba mu wata, mu ba shi tamu mu cika masa kuɗi, ya kuma ce shi zai juye mana komai nan take. Ni dai gabana yana faɗuwa, don in lissafin nan ya salwanta ni za a kama. Ina mafita?"

To, Malam Magatakarda, mun gode da wannan tambaya, kuma faɗuwar gabanka tana kan hanya. Amsa a gajarce ita ce: kada tsohuwar kwamfutar nan ta bar hannunka sai ka ga lissafinka ya buɗe a cikin sabuwar da idonka, kuma kana da kwafi na biyu ajiye a wani wuri dabam. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu. In mai shago ya ce ba zai jira mako biyu ba, gara ku nemi cikon kuɗin ku sayi sabuwar kai tsaye, ku riƙe tsohuwar. Kuɗin da za a rage muku bai kai bashin buhu goma na taki ba.

Abu Huɗu Ne a Ciki

Wannan aiki kamar kwashe hatsi ne daga tsohon rumbu zuwa sabo, sai dai abin da ke cikin kwamfuta ba iri ɗaya ba ne. Kashi huɗu ne, kowanne da yadda ake ɗaukarsa.

Na farko su ne fayiloli, wato takardun da ka rubuta, da jadawalin lissafi, da hotuna, da wasiƙu. Waɗannan su ne hatsin. Ana juye su, kuma in sun ɓata babu kasuwar da za ka je ka sayo su.

Na biyu su ne manhajoji, wato irin su Word da Excel da kake buɗe takardun da su. Waɗannan kamar injin niƙa ne da aka kafe a ƙasa da siminti. Ba a juye su yadda ake juye takarda, sai dai a sake kafa su a sabuwar kwamfuta. Mutane da yawa sukan kwafi ɗan hoton manhajar da suke gani a fuskar kwamfuta su ɗauka sun kwashe ta, alhali allon nuna hanya kawai suka ɗauko.

Na uku su ne makullai, wato kalmomin sirri na imel da na banki da sauransu. Na huɗu kuma shi ne saiti, wato yadda ka saba samun kwamfutarka: harshenta, agogonta, firintar da aka haɗa mata, da hanyar da take hawa intanet.

Kafin a Fara

Da farko ka ɗauki biro da littafi ka zauna gaban tsohuwar. Rubuta sunan kowace manhaja da kake aiki da ita. In manhajar ta saye ce, nemi lambar lasisinta. Ta Windows da ta Office haruffa da lambobi 25 ce, a jere biyar-biyar. In babu lasisin Office, akwai LibreOffice, kyauta ce, kuma tana buɗe takardun Word da na Excel.

Sa'an nan rubuta adireshin imel ɗin ƙungiya da kalmar sirrinsa. A nan ne mutane suka fi shan wuya, domin kwamfuta ta daɗe tana buɗe musu da kanta har sun manta abin da suka sa. Ka gwada shiga da hannunka tun tsohuwar tana raye, ka kuma tabbata lambar wayar da aka ɗaura wa imel ɗin tana hannunku, don ta nan ake turo lambar ceto idan an manta. In layin tsohon magatakarda ne, a sauya shi tun yanzu. Takardar da ka rubuta waɗannan a kai kuwa, a kulle ta inda ake kulle kuɗi.

Auna Hatsin, Sannan a Kwasa

A kwamfuta mai Windows, kayan mutum galibi suna zaune ne a folda huɗu da aka rubuta wa Desktop, Documents, Downloads da Pictures. Amma ka duba sauran wurare, musamman idan an raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, C da D, domin masu gyara sukan zuba wa mutane kaya a D. Idan kuma da wata manhajar lissafi ta musamman kuke aiki ba Excel ba, to bayananta suna iya kasancewa a wani lungu da ba ka gani. Irin waɗannan suna da nasu wurin fitar da kwafin ajiya a cikinsu, da shi za ka yi amfani.

Ka ɗora kibiya a kan kowace folda, ka danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties. Za ta nuna maka yawan fayilolin da ke ciki da nauyinsu. Rubuta waɗannan lambobi a littafinka. Ma'aunin kuwa shi ne megabait da gigabait, kusan megabait 1,000 ke yin gigabait 1. Takardun rubutu ba su da nauyi, hotuna da bidiyo ne masu cin wuri. Ga ƙungiya irin taku, filash mai gigabait 32 zai wadatar, in dai ba finafinai aka tara ba.

Ka sayi filash sabo a wurin wanda ka amince da shi, don akwai na jabu da ke nuna babban ciki alhali ba ya riƙe abin da aka zuba. Kada ka ari wanda ya zaga shagunan tura waƙoƙi, domin ta nan bairos ke yaɗuwa, musamman irin wanda ke ɓoye folda ya bar maka alamarta kawai. Ba a zuba hatsi mai ƙwari a sabon rumbu. Ka sa manhajar tsaron kwamfutar ta bincike kayan kafin a kwashe.

Wajen juyewa, ka lura da kalmomi biyu. Copy yana yin kwafi ya bar na asali a wurinsa. Cut kuwa yana ɗauke shi ne gaba ɗaya. Copy za ka zaɓa, ko da yaushe. Tunda ka ce kwamfutarku takan mutu, ka fara da fayil ɗin bashin taki shi kaɗai, sannan sauran su biyo folda ɗaya bayan ɗaya. A yi aikin da cikakken caji ko an ta da janareta, a wuri mai iska, a kan tebur ba kan katifa ba, don zafi yana cikin abin da ke kashe tsohuwar laftof. Da an gama, a danna alamar cire filash da ke ƙasan fuskar kwamfuta kafin a zare shi.

Daga nan sai a soka filash a sabuwar, a juye kowace folda a cikin takwararta. Yanzu koma ga littafinka. In tsohuwar ta ce fayil 412 ne a Documents, sabuwar ma ta ce 412. In ta ce 409, uku sun maƙale a hanya, sai a nemo su. Bayan ƙidaya, ka buɗe fayil ɗin bashin, ka gangara har suna na ƙarshe, ka duba jimillar kuɗin ta yi daidai da ta tsohuwar.

Hanyar Intanet

Akwai wata hanyar, ita ce ajiya a intanet. Mai asusun Microsoft yana da gigabait 5 kyauta a OneDrive, mai asusun Google kuma yana da gigabait 15 da ya haɗa Gmail da Drive da hotuna. Windows 10 da Windows 11 suna da manhaja mai suna Windows Backup wadda ke ɗora fayiloli da wasu saituna a asusunka na Microsoft, in ka shiga da wannan asusu a lokacin da ake kunna sabuwa mai Windows 11 karon farko, sai ta sauko maka da su. Wanda ya saba da Windows 7 zai tuna da Windows Easy Transfer, to wannan an cire ta tun fitowar Windows 10 a 2015, kada ka wahala nemanta.

Matsalar wannan hanya a karkara ita ce tsadar data da raunin sabis. Shawarata ita ce a kwashe komai da filash, sannan a ɗora fayil ɗin bashin kaɗai a intanet, tunda ba shi da nauyi. Wasiƙun Gmail kuwa ba sa bukatar kwasa, dama can a intanet suke. Kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe ma za su biyo ka idan ka shiga da asusun Google ɗinka ka kunna daidaitawa a tsohuwar kafin ka bar ta. Firinta dai sai an sake haɗa ta da sabuwar, agogo da harshe kuma aikin minti biyar ne.

Wace Iri Za a Ba Ku?

Idan ta hannu ce za a ba ku, ka tambaya wane Windows ke kanta. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Irin waɗannan ba su daina aiki ba, amma kamar gida ne da aka daina yi wa yaɓe. Ku nemi mai Windows 11. Kuma ka tsaya a buɗe ta da asusun ƙungiya da kalmar sirrin da kai ka zaɓa, ba ta yaron shago ba. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle ma'ajiyarsu da wani tsari mai suna BitLocker, makullin cetonsa lambobi 48 ne, kuma yana zuwa ne asusun Microsoft ɗin da aka buɗe ta da shi. In asusun na wani ne, ranar da ta nemi makullin kun shiga uku.

Kafin a Rabu da Tsohuwar

Ku yi aiki da sabuwar kamar mako biyu, tsohuwar tana ajiye. A cikin wannan lokaci ne za ka tuna da takardar da aka manta. Bayan haka, kada a miƙa ta haka nan. A cikinta akwai sunayen mutane, da lambobin wayarsu, da bashin da ake bin su, wataƙila har da lambobin asusunsu na banki. Wannan amana ce. Goge fayil da hannu ba ya kawar da shi, mai wayo yana iya dawo da shi. Ka fita daga imel da dukan asusun da ke buɗe, sannan ka shiga saiti ka nemi Reset this PC, ka zaɓi a cire komai tare da share ma'ajiyar. Yakan ɗauki sa'o'i, a bar shi ya gama.

Daga ƙarshe, Malam Magatakarda, ka buga lissafin bashin a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu. Filash ɗin nan kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar, ka ba ma'aji ya ajiye a gidansa, duk ƙarshen wata ku sabunta shi. Ɓarawo ko gobara ko ruwan sama ba sa faɗa wa gida biyu a dare ɗaya sai da ƙyar.

Mai Sauya Waya Fa?

Wata baiwar Allah mai sana'ar man gyaɗa daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta aiko da makamanciyar wannan tambaya, ita kan waya. To Hajiya, dokar ɗaya ce. Ki sa a duba ko lambobin abokan cinikinki suna cikin asusun Google, don waɗanda ke kan ƙwaƙwalwar wayar ba za su bi layi su koma sabuwa ba. Ki tabbata kin san imel ɗin da kalmar sirrinsa. A shiga saitin WhatsApp a yi ajiyar hirarraki kafin a zare layi, sannan a buɗe shi a sabuwar da lamba ɗaya da asusun Google ɗaya. Lambobi 6 da za a turo miki ta saƙo, kada ki karanta wa kowa ta waya, ko da ya ce daga kamfani yake. Sai kin ga komai ya dawo, sannan a cire asusunki a wanke tsohuwar kafin a sayar ko a ba yaro.

To jama'a, a nan za mu dasa aya, lokaci ya yi mana halinsa. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba, a yi haƙuri sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a biya bashi lafiya. A huta lafiya.