Kuɗin Reno da Ragin Haraji a Amurka

A Amurka, iyayen da ke biyan kuɗi a kula musu da yara domin su samu fita aiki suna iya rage harajin da gwamnatin tarayya ke bin su. Tun 1976 ake cire wannan ragi kai tsaye daga harajin, kuma ana neman sa ne da fom mai lamba 2441 na hukumar tara haraji ta IRS.

Komai ya rataya ne a kan aiki. Dole renon ya zama shi ya ba mutum sukunin yin aiki ko neman aiki. In ma'aurata ne, sai su biyun suna aiki, sai fa in ɗaya cikakken ɗalibi ne ko ba ya iya kula da kansa. Yaro kuma kada ya kai shekara 13. Miji ko mata ko wani babba da ke wuyan mutum, wanda lalura ta hana shi kula da kansa, shi ma ya shiga, muddin gida ɗaya suka zauna fiye da rabin shekara.

Kuɗin gidan reno da na nazare da na mai riƙe yaro bayan an tashi makaranta duk ana lissafawa. Sansanin yara na wuni ya shiga, na kwana bai shiga ba. Ana iya biyan kakar yara ta riƙe su, amma ban da uba ko uwar yaron, ban da ɗan mutum da bai kai shekara 19 ba. Kuma fom ɗin na neman sunan mai renon da adireshinta da lambar harajinta, don haka biya hannu da hannu ba rubutu kan jawo asara.

Inda abin ya gaza shi ne yawan kuɗin. Dala 3,000 kawai ake lissafawa kan mutum ɗaya, 6,000 kan biyu ko fiye, adadin da ke nan tun 2003 (ban da 2021) duk da tsadar reno. Daga 2003 zuwa 2025, ban da 2021, ragin kashi 20 ne zuwa 35 cikin ɗari na wannan kuɗi. A waɗannan shekaru, iyali mai yara biyu da ke samun fiye da dala 43,000 ba ya wuce ragin dala 1,200, ko da ya kashe 20,000. Abin takaici kuma, wanda samunsa bai kai a bi shi haraji ba ba ya samun ko sisi, alhali shi reno ya fi yi wa nauyi. A 2021 kaɗai aka biya irin waɗannan iyalai kuɗin a hannu, aka kuma ɗaga iyakar zuwa dala 8,000 da 16,000.