Sana'ar Binciken Halittu da Haƙurin da Take Buƙata

Ilimin muhallin halittu, wato nazarin dangantakar tsirrai da dabbobi da ƙwari da juna da kuma ƙasa da ruwan da suke rayuwa a cikinsu, fanni ne da ba ya ba da amsa cikin gaggawa, domin raguwar wani jinsin tsuntsu ko itace ba ta fitowa fili sai an jera ƙidayar shekaru masu yawa an gwama su. Saboda haka ɗalibin da ya yi niyyar shiga wannan sana'a yana buƙatar haƙuri da ilimin ƙididdiga kamar yadda yake buƙatar digirinsa na kimiyyar dabbobi ko ta tsirrai.

A Nijeriya, ɗaya daga cikin manyan ƙofofin shiga ita ce cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, wadda aka kafa a 2001 a dajin Amurum kusa da Jos, kuma take bayar da digiri na biyu a kimiyyar kare halittu tare da Jami'ar Jos. A irin wannan horo ɗalibi yakan fita tun asuba ya kafa raga mai laushi, ya zare tsuntsun da ya faɗa cikinta a hankali, ya auna fiffikensa da nauyinsa, ya maƙala masa zobe mai lamba a ƙafa sannan ya sake shi, ta yadda idan an sake kama shi a Turai ko a nan gida za a san tafiyarsa da tsawon ransa.

Amfanin aikin ya fi bayyana a dausayin Haɗejiya da Nguru, inda madatsun Tiga da Challawa suka sauya yanayin ambaliyar shekara-shekara, har ciyawar kachalla ta toshe magudanan ruwa ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Mai binciken da ya je can bai zauna da masunta da manoman fadama ba, waɗanda suka san inda ruwa yake kaiwa kafin madatsun, zai dawo da alƙaluma marasa tushe. Babban abin damuwa shi ne mafi yawan kuɗin irin wannan bincike daga ƙetare suke zuwa, na ɗan gajeren wa'adi, alhali ƙidayar da aka katse ta shekara biyu ko uku takan yi asarar babban ɓangare na darajarta.