Karayar Wuyan Hannu da Jinyar Jijiyoyinsa Bayan Tiyata

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya kimsa a halittar ɗan Adam akwai wuyan hannu, wanda duk da ƙanƙantarsa ya ƙunshi ƙananan ƙasusuwa 8 a jere cikin sahu biyu, suna zaune a bakin dogayen ƙasusuwa biyu na sangalin hannu, kuma abin da ya fi riƙe su a muhallinsu shi ne waɗansu gajerun jijiyoyi masu tauri da suka ɗaure ƙashi da ƙashi, kamar yadda maɗauri yake riƙe tsintsiya.

Galibi idan mutum ya zame, ko babur ya kayar da shi, hannu yake kaiwa ya tare ƙasa, sai nauyin jiki ya taru a bakin dogon ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa, ya karye. Wani likita na birnin Dublin mai suna Abraham Colles ya siffanta wannan karaya tun 1814, alhali hoton ƙashi bai samu ba sai a 1895. To, amma hoton nan, duk da ɗimbin fa'idarsa, ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Saboda haka likita yakan duba tazarar da ke tsakanin waɗansu ƙananan ƙasusuwa biyu na sahun farko, in ya ga ta zarce milimita 3 sai ya yi zaton jijiyar da ta haɗa su ta tsinke, ya nemi tabbaci da hoton MRI, ko da ƴar kyamarar da ake zurawa cikin gaɓa.

A wajen tiyata akan mayar da ƙashin mazauninsa, a ɗaure shi da ɗan falankin ƙarfe da kusoshi ta gefen tafin hannu. In kuwa jijiya ta tsinke, a ɗinke ta, a soke ƙananan ƙasusuwan da siraran wayoyi waɗanda ake zarewa bayan mako 6 zuwa 8. A nan ne masu jinya da yawa suke ruɗuwa, domin ƙashi, saboda wadatar jinin da ke ratsa shi, yakan haɗe cikin kimanin mako 6, ita kuwa jijiya, da yake jinin da ke isa gare ta ƙalilan ne, sai ta ɗauki watanni, har ƙarfin hannu yakan kai shekara bai gama komowa ba. Sai ka ga an ce wa mutum ƙashinsa ya haɗe, amma ya kasa murɗa mabuɗi ko matse wanki, in ya dafa ƙasa zai ɗago daga sujada ya ji zafi ya soke shi a bayan wuyan hannu.

Bisa ga haka, wajibi ne majinyaci ya riƙa ɗaga hannun sama da ƙirjinsa a kwanakin farko don kumburi ya saɓe, ya riƙa dunƙule yatsu yana buɗewa, yana motsa gwiwar hannu da kafaɗa don kada su sandare. Ya lazimci zuwa gashin ƙashi gwargwadon yadda aka tsara masa. Ya ƙaurace wa taba, domin tana jinkirta warkewa. Kuma kada ya ɗauki ko da bokitin ruwa sai da izinin likita. In ya ji babban yatsa da biyun da ke biye da shi sun yi dindiris, ko wajen ɗinki ya yi zafi yana fitar da mugunya, ko gaɓar tana ƙas-ƙas tare da ciwo, to, ya koma asibiti ba tare da jinkiri ba.

Illar sakaci kuwa ba nan take take bayyana ba: ƙasusuwan da maɗaurinsu ya kwance sukan goce sannu a hankali, su riƙa gugar juna har guringuntsi ya cinye, amosanin gaɓa ya kama hannun bayan shekaru, a lokacin da gyara ya yi wuya. Mai ɗori, komai gwanintarsa, yana iya daidaita ƙashi da lalube, amma ba shi da hanyar ganin jijiyar da ta tsinke. Don haka duk wanda ciwon wuyan hannunsa ya ƙi lafawa bayan ɗori ko tiyata, kada ya ce targaɗe ne kawai; ya je wurin likitan ƙashi, ya roƙi a binciki jijiyar musamman, tun tana ɗinkuwa.